Tsere Uku da Ƙafa Mai Ɗori

Yara, in za a girka tukunya, duwatsu nawa ake sa mata? Uku. In ɗaya ya goce, miya ta zube. To, yau za mu karanta labarin wani wasa mai duwatsu uku kamar murhu. Da Faransanci sunansa triathlon. Mu nan aji za mu ce masa tsere uku. Mai yinsa yakan fara da iyo cikin ruwa. In ya fito, sai ya hau keke. In ya sauka daga keke, sai ya ɗaura takalmi ya sheƙa da gudu. Ba a tsai da agogo tsakani. Ko lokacin da ya ɓata wurin sauya riga, duk cikin lissafi yake.

Mu nan Madawa da Buza da Keita, kokowa muka fi sani. Ai a Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa, a shekarar 1975. Mun san tseren dawaki da na raƙuma kuma. Amma in kun duba, da yawanku sun taɓa yin ukun nan. Da damina kun faɗa tabki. Kun ari keken yayanku. Kun yi gudu zuwa lakwal ranar da kuka makara. Abin da ba ku yi ba shi ne haɗa su rana ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ba hutu.

Inda wasan ya fito

A watan Satumba na 1974, a birnin San Diyego na ƙasar Amurka, wata ƙungiyar masu gudu ta shirya tseren da ya haɗa gudu da keke da iyo. Mutum 46 suka shiga. Daga nan wasan ya fara yaɗuwa.

Bayan ƴan shekaru, a tsibirin Hawayi, gardama ta kaure tsakanin ƴan wasa. Masu iyo suka ce sun fi kowa juriya. Masu gudu suka ce su ne. Aka kawo zancen masu keke. Wani hafsan sojan ruwa mai suna John Collins da matarsa Judy suka kawo shawara: a haɗa ukun, wanda ya fara isa a kira shi Ironman, wato mutumin ƙarfe. Ran 18 ga Fabrairu 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka isa. Wanda ya ci, Gordon Haller, direban tasi ne a lokacin. Awa 11 da minti 46 ya yi.

Ku dubi nisan da kyau. Iyo, kilomita 3 da mita 800. Keke, kilomita 180, wato kusan mutum ya tashi daga Madawa ya je Ƙonni ya dawo. Sa'an nan gudu, kilomita 42 da mita 195, kusan rabin hanyar Madawa zuwa Ƙonni ke nan. Akwai gajeren tsere uku da ya shiga wasannin Olamfik a Sidni, shekarar 2000: iyo mita 1500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10.

Don me ake farawa da ruwa? Ku yi tunani. Mai gudu in ya gaji, sai ya zauna bakin hanya. Mai keke in ya gaji, sai ya sauka. Mai iyo fa, in ƙarfinsa ya ƙare tsakiyar tabki, ina zai zauna?

Ma'aikacin kashe gobara

Yawancin masu tsere uku ba da shi suke ci ba. Malamai ne, da likitoci, da ƴan kasuwa. Suna motsa jiki da asuba, su tafi aiki. Matt Long yana cikin irinsu. Shi ma'aikacin kashe gobara ne a birnin Niyu Yok. A watan Yuli na 2005 ya yi Ironman a wani ƙaramin gari mai duwatsu, Lake Placid, cikin awa 11 da minti 18. A watan Nuwamba ya yi gudun kilomita 42 na Niyu Yok cikin awa 3 da minti 13. Shekarunsa 39, jikinsa kamar na ɗan kokowa a farkon kaka.

A watan Disamba na wannan shekara, ma'aikatan jiragen ƙasa da motocin haya na birnin suka shiga yajin aiki. Kowa ya nemi hanyar zuwa aiki da kansa. Ran 22 ga wata, da sassafe, cikin tsananin sanyi, Matt Long ya hau kekensa. A wata mahaɗar hanya, wata babbar motar bas ta karya kwana ta buge shi, ya shige ƙarƙashinta. Ƙarfen keken ya soke shi a ciki. Ƙashin ƙugunsa ya farfashe. Ƙafafu sun karye, kafaɗa ta ragargaje.

Da aka kai shi asibiti, likitoci ba su sa masa rai sosai ba. Jini na zuba kamar an fasa tulu. Cikin kwana biyu na farko an ƙara masa jini fiye da leda 60. Ku tuna, duk jinin da ke jikin babban mutum wajen lita 5 ne. Kowace leda kuwa daga hannun wani mutum ta fito, wanda bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba. In kun ji ana neman masu ba da jini a asibiti, ga amfaninsa.

Wata biyar ya yi kwance a asibiti. Aikin fiɗa da aka yi masa, a asibiti da bayan fitarsa, ya kai wajen 40. Aka sa masa ƙarafa cikin ƙashi don su riƙe shi. Da ya fito, mutumin da ke gudun kilomita 42 ba ya iya zuwa bayan gida sai da mai riƙe shi. Shi da kansa ya faɗa, cikin littafin da ya fitar a 2010, cewa zuciyarsa ta karaya ƙwarai a wannan lokaci. Karayar ƙashi, likita na ganinta a hoto. Ta zuciya ba ta fita a hoto.

Yadda ƙashi ke ɗoruwa

Bari mu bar Matt Long a kan gadonsa tukuna, mu leƙa cikin jiki. Babban mutum yana da ƙashi 206. Kuna ganin ƙashi bayan an ci nama, busasshe, kamar itace. A jikin mai rai ba haka yake ba. Ƙashi abu ne mai rai. Yana da jijiyoyin jini, yana da ɓargo, yana girma, yana gyara kansa.

In ya karye, jini yakan taru a bakin karayar ya daskare. Wurin ya kumbura, ya yi zafi. Cikin mako biyu ko uku, sai wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya tsiro, ya haɗa baki biyun. Wannan ɗinki ne na wucin gadi. Ya yi kama da katangar da aka ɗora wa ɗanyen laka. Kun san magini ba ya ɗora azara bisa ɗanyen gini. Sannu a hankali guringuntsin nan yakan taurare ya zama ƙashi. Ga babban mutum, abin yakan ɗauki mako 6 zuwa 12. Ga yaro kamarku ya fi sauri, don ƙashinku na cikin girma. Bayan haka ma jiki bai gama ba. Yakan yi watanni, har shekaru, yana sassaƙe wurin yana daidaita shi.

Kun ga ke nan, ba maɗori ne ke haɗa ƙashi ba, ba kuma likita ba ne. Aikinsu shi ne su daidaita baki biyun, su hana su motsi. Jiki ne ke ɗinkin. Kayan aikinsa kuwa abinci ne: nono, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale.

Ga wata matsala kuma. Ƙafar da ke cikin ɗauri ba ta aiki, tsoka kuwa in ba ta aiki sai ta zube. Wanda ya taɓa ganin hannun da aka kwance wa ɗori ya san yadda yake sirancewa. Gaɓoɓi su sandare. Saboda haka mai jinya yana tsakanin rami biyu. In ya yi gaggawa, ɗinki ya warware. In ya kwanta ya ƙi motsi, ƙafa ta mutu a tsaye.

Ni kaina na faɗa rami na farko. Lokacin da nake makarantar horon malamai, na yi targaɗe a idon sawu wurin ƙwallo. Likita ya ce in huta mako uku. Ran kwana takwas ajinmu na da wasa da wani aji. Kumburi ya saɓe, ina takawa ba zafi. Abokai suka ce: "Kai, ai ka warke, zo ka tsare mana baya!" Na ɗaure ƙafa da tsumma na shiga. Ko minti 20 ban yi ba na ji wani abu ya ce ƙas. Hutun mako uku ya koma ɗingishin wata biyu. Wasan ma aka cinye mu. Har yau, in hunturu ya busa, idon sawun nan yakan tuna mini. Abin da ban sani ba a lokacin: zafi yakan riga rauni tafiya. Zafi ya tafi, amma jijiya ba ta gama haɗuwa ba.

Komawa fili

Mu koma wurin mutuminmu. Shi bai samu damar yin gaggawa irin tawa ba, don ko tsayuwa sai da ya sake koyo. Daga keken guragu ya koma sanduna biyu. Daga sanduna biyu ya koma guda. Masu gasa jiki na asibiti suna lanƙwasa gaɓoɓinsa suna miƙewa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗayar gajarta, tafiyarsa ta zama da ɗingishi.

Sai a farkon 2008, shekara biyu da ƴan watanni bayan haɗarin, ya iya yin gudun mil ɗaya, wato mita 1600 da ƴan kai. Fiye da minti 17 ya yi. A da, cikin minti 7 da rabi yake cinye wannan nisa, kuma ya jera irinsa 26. Mita 1600 cikin minti 17, ai yarinyar da ke ɗauke da tallan fura in ta ɗaga ƙafa za ta jera da shi. Amma daga wannan mil ɗaya aka fara ƙirga.

A nan ne tsere uku ke da wani amfani ga mai rauni. Cikin ruwa, jiki ba ya da nauyi. Ruwa ne ke ɗauke da mutum, shi ya sa ƙaramin yaro ke iya tallabe babba a tabki. Mai ciwon ƙafa yana iya motsa tsokarsa da zuciyarsa da huhunsa a ruwa, ƙashi bai sha duka ba. Bisa keke, sirdi ne ke ɗauke da yawan nauyin, ƙafa juyawa kawai take. Gudu shi ne mai wuya. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa na karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko uku. Don haka masu jinyar ƴan wasa sukan sa su fara da ruwa, su bi da keke, gudu ya zo daga ƙarshe. Kun lura? Jerin tseren ke nan daidai.

A watan Nuwamba na 2008, Matt Long ya sake shiga gudun kilomita 42 na Niyu Yok. Abokansa na gefensa. Ya isa cikin awa 7 da minti 21. Mutane suka ce to, madalla, ya isa haka. Shi kuwa idonsa na kan Lake Placid.

Ranar tsere

Ironman yana da wata doka mai tsanani. A Lake Placid, a wancan lokaci, ana tashi da ƙarfe 7 na safe, a rufe da ƙarfe 12 na dare. Awa 17 ke nan. Wanda ya iso bayan sha biyu, ko da daƙiƙa ɗaya ne, ba a rubuta sunansa cikin waɗanda suka gama. Kowane kashi ma yana da nasa wa'adi. Wanda bai fito daga ruwa cikin awa 2 da minti 20 ba, ba zai hau keke ba, sai ya tattara kayansa.

Ga mai lafiya, awa 17 fili ne mai faɗi. A 2005 Matt Long ya gama da sauran fiye da awa 5 a hannunsa. A watan Yuli na 2009, da ya dawo bakin tabkin nan, lissafi ya sake. Ku yi shi da kanku. Gudu kaɗai ya ci masa fiye da awa 7 a Niyu Yok, ranar da bai yi iyo ba, bai hau keke ba. In aka cire awa 7 daga 17, saura 10. Cikin goman nan zai yi iyon kusan kilomita 4, ya tuƙa keke kilomita 180. Hanyar keken kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar gudoron Maraɗi. Hawa ce da gangara cikin duwatsu. Ƴan Buza da Keita sun san abin da hawan dutse ke yi wa cinya.

Ga tarko a nan. In ya matsa wa keke don ya ajiye lokaci, ƙafafun za su mutu kafin gudu. In ya lallaɓa su, agogo ya cinye shi. Ramukan nan biyu na jinya, su ne suka biyo shi har filin tsere. Banda haka ga ci da sha. Mai tsere na yini guda dole ya riƙa shan ruwa da ɗan gishiri da abu mai zaƙi a kan hanya, tun kafin ƙishirwa ta kama shi. In ya jira sai ya ji jiri, ya makara.

Ya fito daga ruwa cikin wa'adi. Ya sauka daga keke cikin wa'adi. Rana ta faɗi yana kan hanya. Gwanayen tseren sun daɗe da gamawa, sun yi wanka, sun ci abinci. Amma a Ironman akwai wata al'ada mai kyau: jama'a ba sa watsewa. Sukan tsaya bakin layi har tsakar dare, suna tafi suna kiran waɗanda suka rage cikin duhu. Da Matt Long ya shigo filin da ɗingishinsa, agogo na nuna awa 16 da minti 58. Ya tsallake layi, saura ƙasa da minti biyu a rufe. Shekara 3 da wata 7 ke nan daga ranar da aka jawo shi daga ƙarƙashin bas.

Bara, da na ba wani aji wannan labari, wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu.

"Mushe, ai kusan na ƙarshe ya zo. Me ya ci?"

Na ce masa bai ci kome ba, in ban da lambar da ake rataya wa duk wanda ya gama. Sai na tuna musu da wani ɗan ƙasarmu, Hamadou Djibo Issaka. A wasannin Olamfik na Landan, shekarar 2012, ya wakilci Nijar a tseren kwale-kwale, bayan koyon wata uku kacal. Shi ne na ƙarshe, an ba shi rata mai yawa. Amma ƴan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya isa. Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai ya fi son ya zo na ɗaya. Na ce ba laifi, ni ma haka.

Mu nan gida

Karaya ba sai a Amurka ba. Yaro ya faɗo daga bisa jaki, ko daga iccen kanya. Amalanke ta taka wani. Babur ya kwashe wani ranar kasuwa. In haka ta faru gabanku, kada ku ja ƙafar, kada ku ce ya tashi ya gwada takawa. Ku kira babba. A tallafe gaɓar da kara ko allo, a hana ta motsi. In ƙashi ya huda fata, ko jini na zuba, asibiti za a nufa, ba wani wuri ba, don ƙazanta in ta shiga ƙashi fitarta da wuya.

Muna da maɗora a garuruwanmu, kuma iyayenmu suna zuwa wurinsu tun kaka da kakanni. Amma ku riƙe wannan. In an ɗaure hannu, sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko suka fara baƙi, ko mai shi ya ce ba ya jin su, to ɗaurin ya matse hanyar jini. Kada a ce a bari sai gobe. A sassauta shi nan take, a tafi asibiti. Akwai yaran da aka yanke wa hannu saboda ɗaurin da ya kwana biyu a matse, alhali karayar kanta ƙarama ce.

Zancen iyo kuma, kada wani ya je gida ya ce Mushe ya ce a faɗa tabki. Ruwan da ke kwance, irin na tabkuna da madatsun ruwan da aikin raya karkara na Keita ya gina tun daga 1984, yakan ɗauki ƙananan katantanwa. Cikinsu ne tsutsar tsargiya ke girma. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wanda ya ga jini cikin fitsarinsa ya faɗa wa iyayensa, akwai ƙwayar maganinta a likita. Kori kuwa in ya kawo ruwa, ko gwanin iyo ba ya wasa da shi.

Saboda haka namu tseren ba ruwa cikinsa. Masu wasan ma suna da irinsa, suna ce masa duathlon: gudu, keke, sa'an nan gudu. Ran Juma'a da safe za mu yi shi a filin lakwal. Zagaye biyu da ƙafa, zagaye huɗu bisa keke, zagaye ɗaya da ƙafa. Keke biyu gare mu, don haka bibbiyu za ku tashi. Wanda ke da targaɗe ko miki a ƙafa ba zai yi gudu ba, ko ya ce ya warke. Shi zai riƙe agogo ya rubuta lokacin kowa a allo.

Tambayoyi da aiki

1. Don me ake fara tsere uku da iyo?
2. In ƙashi ya karye, mene ne aikin maɗori ko likita, mene ne kuma aikin jiki?
3. Malamin da ya ba da labarin nan ya ji zafi ya tafi ran kwana takwas. Ina kuskurensa?
4. Ku tara nisan iyo da na keke da na gudu na Ironman. Kilomita nawa ne, da mita nawa?
5. Matt Long ya yi awa 11 da minti 18 a 2005, ya yi awa 16 da minti 58 a 2009. Nawa ne bambancin?
6. Ku tambayi wani babba a gidanku da ya taɓa karaya: wa ya ɗora shi, kwana nawa ya yi bai taka ba, me aka riƙa ba shi ya ci? Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar da Hausa. Gobe za mu juya layi biyu na farko da Faransanci.